Kayan Sarki: Jar Rigar Ingila, Shuɗiyar Rigar Amurka, da Marinar Kura

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san inda ƙura ke ƙarewa kore ya fara. Da an kusa Kura har zuwa Kadawa, ko kuwa an karkata ta wajen Bunkure, sai shinkafa da alkama da tumatir iya ganinka, ruwan Tiga na gudu a magudanan siminti. Wanda aka haifa bayan an kammala madatsar a 1974, idan ka tambaye shi da me aka san Kura, zai ce maka shinkafa. Kakansa cewa zai yi rini. Kafin a san garin da injinan casa, an san shi da marina da mabuga, da baƙin rawani mai ƙyalli wanda har yau sunansa ɗan Kura, da turkuɗin da Buzaye ke ɗauka har Agadas da bayanta.

Wannan tsohuwar sana'a ce ta ba ni hanyar fahimtar wani abu da ya faru nesa da mu ƙwarai. A yaƙin neman 'yancin Amurka, daga 1775 zuwa 1783, zanen da kowa ya sani shi ne na sahu biyu: Ingilishi cikin jajayen kwat, Amurkawa cikin shuɗɗa. Akan ɗauki launukan nan kamar tutoci ne kawai, kowa da zaɓinsa. Marini ba zai kalle su haka ba. Tambayarsa ita ce: da me aka rina, nawa aka kashe, wa ya saƙa ƙyallen, wa ya ci ribar? Amsoshin suna bayyana abubuwa da dama game da yaƙin da ba a samu a labarin janarori.

Bahaushe yana da suna mai kyau ga tufafin soja da ɗan sanda: kayan sarki. Sunan ya dace da sojan Ingila na ƙarni na 18 fiye da kowa. Rigar da ke jikinsa shaida ce cewa ya ci kuɗin sarki, kuma in ya sayar da ita ko ya jinginar da ita, bulala ce ladansa a gaban 'yan'uwansa. Abin dariya shi ne jar rigar ba daga fada ta samo asali ba. Rundunar da majalisar dokokin Ingila ta kafa a 1645 don yaƙar Sarki Charles na Ɗaya ita ce ta fara sa wa dukkan dakarunta na ƙasa ja, kuma ɓangaren nan ne ya fille kan sarkin a 1649. Da sarauta ta dawo a 1660 sai ta gaji rigar maƙiyanta, ta mai da ita tata.

Akwai wata tatsuniya da ke cewa an zaɓi ja ne don kada a ga jini. Duk wanda ya taɓa yanka rago sanye da jan kaya ya san jini baƙi yake fitowa a kai, ba ya ɓoyuwa. Dalilin ya fi kusa da aljihu. Jan rini na talaka ana samunsa daga saiwar wani tsiro da Turawa ke kira mada, wanda manoman Holan suka ƙware wajen nomansa. A jiƙa ulu da alif, a dafa shi da garin saiwar, an gama. Aikin bai kai na shuɗi wahala ba, kuma ba shi da tsada. Aibinsa shi ne kodewa: bayan 'yan watanni a rana da ruwa sai rigar ta koma launin jan bulo, wani lokaci ma ta yi fari-fari a kafaɗa.

Arha na da muhimmanci saboda yadda ake biyan kuɗin rigar. Gwamnati ba ta ɗinka wa soja kaya kai tsaye. Albashin ƙaramin soja kwabo takwas ne a rana, a cire kwabo biyu a miƙa wa kanar mai rejimanti, shi kuma ya yi ciniki da 'yan kasuwar Landan su kawo kwat ɗaya ga kowane soja a shekara. Abin da ya saura bayan an biya ɗan kwangila, halaliyar kanar ce a idon doka. Mai karatun da ya taɓa zama a ofishin da ake sayen kaya ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da irin wannan tsari ke haifarwa: ƙyalle mai kaushi, ɗinki mai matsi don a rage yadi, tsohuwar kwat ta bara a yanke ta a mai da ita 'yar ciki. Ba a soke tsarin ba sai 1854. Abin da fada ta iya yi shi ne kafa ƙa'ida. Dokar tufafi ta 1751 ta hana kanar manna tambarin gidansu a kayan rejimanti, ta 1768 kuma ta fayyace komai, tun daga faɗin ƙirjin riga har lambar da ke kan maɓalli. Da yake kowa ja yake sawa, ana bambanta rejimanti da launin wuya da ƙirji da bakin hannu: wasu rawaya, wasu kore, wasu fari, na sarki kuwa shuɗi.

Hafsoshi su ke sayen nasu da kuɗinsu, kuma ba sa yarda da mada. Nasu jan na wani ƙwaro ne mai suna kocinil, wanda ake kiwo a jikin wani tsiro mai ƙaya a Meziko, Sifaniyawa su kwaso shi a bushe zuwa Turai. Sai an tara ƙwari wajen 70,000 kafin a cika laba ɗaya. Jansa garau ne, kuma yana daɗewa. Ma'anar wannan a fagen fama ita ce bayan wata shida a daji, hafsa yana walƙiya a tsakiyar sojoji masu kodaddun riguna, tamkar an ce wa maharbi ga wanda za ka fara da shi. A Bunker Hill, ranar 17 ga Yunin 1775, Ingilishi sun ci fagen amma sun yi asarar sama da mutum dubu tsakanin matattu da masu rauni, kuma kason hafsoshi a ciki ya tayar wa Landan hankali.

Mutumin yau, wanda ya saba ganin soja cikin kaki mai dabbare-dabbare, zai ce ai wannan hauka ne. Ba hauka ba ne idan aka dubi bindigar zamanin, wadda 'yar'uwar harba-ka-ruga ce: a zuba albarushi ta baki, a danna harsashi da sanda, ƙanƙara ta kyasta. Gwani kan yi harbi uku a minti, kuma in abin hari ya wuce taku ɗari sai dai sa'a. Don haka ake jera mutane kafaɗa da kafaɗa su yi harbi lokaci guda, sannan su afka da wuƙar bakin bindiga. Bayan harbi biyu ko uku farin hayaƙi ya rufe fili, babbar barazana kuwa ita ce ka buɗe wa naka wuta. Launi mai ƙarfi ne ke gaya wa janar inda mutanensa suke. Yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba: mai jar riga in ya tsere daga bariki, kowane ƙauye ya shiga an gane shi.

A daji ne lissafin ya rushe. Ranar 9 ga Yulin 1755 Janar Edward Braddock ya faɗa hannun Faransawa da 'yan asalin ƙasar a bakin kogin Monongahela, suna harbi daga bayan itatuwa, jajayen riguna na cunkushe a kan siririyar hanya. Braddock ya samu raunin da ya kashe shi. Wani matashin hafsa ɗan Virginia da ke tare da shi ya rubuta wa gida cewa harsashi huɗu sun huda kwat ɗinsa, an kashe dawaki biyu a ƙarƙashinsa. Sunansa George Washington. Ingilishi sun koyi darasi fiye da yadda labaran Amurka ke yarda: sun riƙa datse gindin riga, su rage fiffiken malafa, su kafa rukunonin sari-ka-noƙe masu korayen kaya. Amma a birane jar rigar ta zama abin ƙi. Mutanen Boston suna kiran masu ita da sunan wani ƙwaron teku dangin ƙaguwa wanda ke yin ja in an dafa shi, kuma bayan sojoji sun harbe mutum biyar a titi ranar 5 ga Maris 1770, zanen da ya bazu ko'ina ya nuna sahun jajayen riguna suna wuta a kan farar hula.

Washington mutum ne mai kula da tufafi. A 1775 ya riƙa halartar majalisar yankuna goma sha uku a Philadelphia sanye da shuɗiyar kwat mai ƙirji ruwan ƙasa-ƙasa, shi kaɗai cikin kayan soja, kuma ba a daɗe ba aka naɗa shi babban kwamanda. Sai dai rundunar da aka damƙa masa ba ta da riga. Dalilin tsoho ne. Ingila ta daɗe tana tsare masaƙunta: dokar ulu ta 1699 ta hana yankunan Amurka fitar da ulu ko saƙarsa zuwa waje, har zuwa yanki maƙwabci, ta 1732 kuma ta yi wa masu yin malafa irin wannan dabaibayi. Tsarin shi ne su noma, Ingila ta saƙa ta rina ta sayar musu. Ranar da aka fara harbi, sai ga ƙasa mai neman 'yanci ta tarar shagon da take sayen ƙyalle na abokin gabarta ne.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A Nuwambar 1775 majalisa ta zaɓi ruwan ƙasa a matsayin launin runduna, don kusan kowace gona na iya rina shi da ɓawon itace. A Yulin 1776 Washington ya shawarci sojoji su sa rigar mafarauta, wata sakakkiyar taguwa ta lilin mai geza, saboda arha ce kuma abokan gaba suna zaton duk mai ita gwanin harbi ne. A Nuwambar shekarar John Paul Jones ya kama jirgin ruwan Ingila mai suna Mellish maƙare da dubban kayan sanyi na soja, aka yi murna kamar an ci gari. Jajayen kwat da aka ƙwace sau da yawa sai an sake rina su ruwan ƙasa kafin a raba, kada a harbe mai su bisa kuskure. Duk da haka, a hunturun Valley Forge, ranar 23 ga Disambar 1777, Washington ya sanar da majalisa cewa mutum 2,898 ba za su iya fita aiki ba don ba su da takalmi ko tufafin kirki. Kusan mutum dubu biyu ne cuta da yunwa da sanyi suka kashe a sansanin ba tare da an yi wani babban yaƙi ba.

Faransa ce ta rufa musu asiri. A 1778 dubban kwat suka iso daga can, wasu shuɗɗa wasu ruwan ƙasa, duka da jan ƙirji. Kowa shuɗi yake so, har sai da aka yi ƙuri'a tsakanin jihohi don raba gardama. Sai ranar 2 ga Oktoban 1779, shekara huɗu da fara yaƙi, umarni ya fito cewa shuɗi ne launin sojan Amurka, a bambanta jihohi da launin ƙirji: fari ga na arewa maso gabas, ruwan ƙasa-ƙasa ga New York da New Jersey, ja ga Pennsylvania zuwa Virginia, na can kudu kuma shuɗi mai farin zare a bakin maɓalli. Umarni ne a takarda, rundunoni da yawa ba su taɓa ganin cikarsa ba. A Yorktown, ranar 19 ga Oktoban 1781, Ingilishin da suka fito miƙa wuya an raba musu sababbin jajayen riguna daga sito, Faransawa suna tsaye cikin farare tas, Amurkawan da suka yi nasara kuwa da yawansu tsumma ne a jikinsu. Masu zanen da suka zo daga baya su ne suka ɗinka wa kowa shuɗiyar kwat.

To daga ina shuɗin yake fitowa? A nan mutumin Kura ya fi malamin tarihi sanin magana. Baba ne, dangin wanda ake nomawa a ƙasar Kano. Shuɗi ba a dafa shi kamar ja. Sai an jiƙa baba da toka ya ruɓe, ruwan ya kama, a tsoma ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa sau da yawa gwargwadon duhun da ake so. Wahalarsa ita ce darajarsa, don ba ya kodewa kamar mada. Turai na da nata tsiron mai ba da shuɗi, amma bai kai baba ƙarfi ba, don haka manyan dauloli suka shiga neman inda za su noma shi. Faransa na da tsibirin da yau ake kira Haiti. Ingila ta samu nata a Karolina ta Kudu, inda wata matashiya mai suna Eliza Lucas, wadda ke kula da gonakin mahaifinta, ta yi nasarar fitar da rini mai kyau a 1744 ta kuma raba iri ga maƙwabta. A 1748 majalisar Ingila ta sanya tukuicin sisi a kan kowace laba ta babar yankunanta, a shekarar da hafsoshin jiragen ruwan yaƙinta suka fara sa shuɗin kayan sarki. Kafin 1775 Karolina na fitar da sama da laba miliyan ɗaya a shekara.

Littattafan makarantun Amurka sun riƙe sunan Eliza, kuma da ta rasu a 1793 Washington da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Hannayen da suka yi aikin na bayi ne, da yawansu daga Afirka ta Yamma, daga ƙasashen da aka san baba tun kaka da kakanni. Takardun gidan sun ambaci wani bawa kafinta mai suna Quash, wanda ya gina kwamin katakon da ake jiƙa ganyen. Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi da zafin rana ya san warin, sai ya ƙiyasta yadda yake ga mutumin da ke wuni yana bugun ruwan da itace cikin ƙudaje, ba lada ba zaɓi. Rigar da aka yi yaƙin 'yanci da ita, launinta na cikin amfanin gonar bauta. Kada mu yi saurin ɗaga kafaɗa. A ƙarni na 19 auduga da babar da suka ciyar da marinun Kano, kaso mai yawa daga rinji suka fito, inda bayi ke noma wa sarakuna da attajirai.

Bambancin Karolina da Kura yana wani wajen, kuma a ganina shi ne gishirin labarin. Karolina ba ta rini. Tana daskarar da baba ta yanka shi ƙulli-ƙulli ta loda a jirgi, a rina ulu a Ingila a dawo mata da shi a farashin da aka ga dama. Da yaƙi ya ƙare tukuicin sisi ya tafi, Ingila ta mai da cinikinta Bengal a Indiya, cikin 'yan shekaru noman baba ya mutu a Karolina, aka koma auduga. A ƙasar Kano kuwa sarƙar duka a gida take: manomi, mai kaɗi, masaƙi, maɗinkin da ke haɗa siraran ƙwarya, marini, mabugin da ke dukan ƙyalle da shuni har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe, sannan fatake. Ko dagwalon da ke zama a gindin rijiyar rini ba a zubarwa, katsi ne, da shi ake haɗa lason da ake shafe sabuwar rijiya. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa waje a shekara da aƙalla wuri miliyan 300, kuma ya ga kayan Kano har Tambutu. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa ƙarfin sana'ar ba a cikin ganuwa kaɗai yake ba, yana garuruwan karkara irin su Kura. Da Washington na da yanki ɗaya irin wannan, da wasiƙarsa ta Valley Forge ta bambanta.

A shekarun da ake wannan rikici a ƙetaren teku, Babba Zaki ne ke sarautar Kano, daga 1768 zuwa 1776, wato daga shekarar dokar tufafin Ingila zuwa shekarar shelar 'yancin Amurka. Tarihin Kano ya ce shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Yaƙin ƙasar Hausa na doki ne, ana gane barde da lifidinsa da sulke da kwalkwali, da tuta da kirari, ba a bukatar dubban mutane cikin riga iri ɗaya. Amma ma'anar tufafin da suka fito daga hannun sarki ba baƙuwa ba ce a nan. Da riga da rawani da alkyabba ake naɗi, wanda ya karɓa kuwa ya san ya ci ladan kuturu. Jan ulun Turai ma ya riga Turawan isowa: shi ne mulufin da ayarin Tarabulus ke kawowa, ana yi wa doki ado da shi, ana ɗinka kayan fada. Ja da koren dogarai sun ishi kowa shaida cewa Bahaushe ya san launi na iya zama umarni.

Hanyar da jar rigar soja ta biyo ta iso mu doguwa ce, kuma daga Karolina ta taso. A lokacin yaƙin Ingilishi sun yi wa bayin 'yan tawaye alkawarin 'yanci in sun gudo wurinsu, dubbai kuma suka gudo. Daga cikinsu aka kafa wata ƙaramar rundunar baƙar fata a Karolina a 1779, wadda aka kwashe zuwa tsibiran Karibiyan bayan an sha kaye, ta zama ɗaya daga cikin tushen rejimantocin Indiya ta Yamma da aka kafa a 1795. Don cika sahunsu, gwamnatin Ingila ta sayi bayi sama da dubu goma sha uku kafin ta haramta cinikin a 1807, ta sa musu jar riga. Waɗannan rejimantoci ne aka riƙa turowa Saliyo da Gambiya da Gwalkwas da Ikko, inda zazzaɓi ke karkashe Turawa. A 1858 aka sauya musu kaya zuwa salon da Faransawa suka kwaikwayo daga mutanen Aljeriya: gajeriyar jar riga mai adon zare, da jar dara. Bahaushe in ya gani zai ce ai falmaran ce, kuma bai yi kuskure ba, don daga Magrib ɗin duka biyun suka fito. Rundunar da John Glover ya fara haɗawa a Ikko a 1863, wadda aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover, kuma sojan Nijeriya ke ƙirga shekarunsa daga gare ta, a wannan duniyar ta taso. Jar dara da jar falmaran su suka zama kayan faretin rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897.

Amma ba cikin ja aka ci Kano ba. A Indiya, wata runduna a Peshawar ta fara rina kayanta launin ƙura, abin da ake kira kaki da harshen Urdu. Bindiga mai dogon zango da albarushi marar hayaƙi sun mai da launi mai ƙarfi takardar mutuwa. Karo na ƙarshe da aka fi ambata cewa Ingilishi sun yi yaƙi cikin jar kwat shi ne a Ginnis ta Sudan, ranar 30 ga Disambar 1885, da Ansarun Mahadi, waɗanda su ma suna da nasu kayan sarkin, jibba mai faci-faci. Da Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji baƙar fata sama da ɗari bakwai, da igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu, kaki ne kayan aikinsu, kuma da yawansu Hausa suke ji. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji, a ƙasar da madatsar Tiga take a yau. Ranar 3 ga wata suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Jar falmaran sai daga baya, a filin fareti da gidan razdan, ta ci gaba da fitowa har aka ajiye ta bayan samun 'yancin kai. Mabusan sojan Jamaika da na Barbados har yanzu ita suke sawa ranar biki.

Shekarar 1897 ta kawo wani abin da ya fi Maxim yi wa Kura illa, ko da yake ba a ji ƙararsa ba. A shekarar ne kamfanin BASF na Jamus ya fito da babar da aka haɗa da sinadarai a kasuwa, bayan binciken da Adolf von Baeyer ya faro. Cikin shekara ashirin ya durƙusar da gonakin Bengal waɗanda suka durƙusar da na Karolina. Zuwanta ƙasar Hausa a hankali ne, a gwangwani, ta kantunan Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ɗauke da akoko da atamfar Manchester, ya koma da gyaɗa da auduga ɗanya. Wato an juya ƙasar Kano ta koma irin matsayin da Karolina take kafin yaƙi. Marinun Kura sun jure fiye da na wurare da yawa saboda Buzu ba ya yarda da rawanin da ba a buga da shuni ba, amma rijiyoyi da dama sun cike da shara, gonakin baba suka koma na wani abin.

An yi ƙoƙarin ɗinke sarƙar da inji. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Bompai da Sharaɗa, har aka kai lokacin da masaƙu ke cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Yawancinsu a rufe suke yanzu. A 2017 sai da fadar shugaban ƙasa ta fitar da umarni na musamman cewa hukumomi su fifita kayan gida in za su yi sayayya, kuma kayan sarki da takalma na cikin abubuwan da aka lissafa da suna. Ƙasar da ke da soja da 'yan sanda da kwastan da masu yi wa ƙasa hidima da miliyoyin 'yan makaranta, kowa da launinsa, ba ƙaramar kasuwar yadi ba ce, kuma duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya duba bakin bandir ya san daga inda akasarin yadin yake zuwa.

A hawan Sallah, idan hakimai suka jero, a lura da kawunansu. Za a ga baƙin rawanin nan mai ɗaukar ido yana walƙiya a rana, yana barin shuɗi a goshin mai shi da wuyan farar rigarsa, dogarai na kewaye cikin ja da kore. Yadin dogaran daga kanti yake. Rawanin kuwa, in na gaske ne, a kan gungume aka buge shi da hannu, 'yan kilomitoci kaɗan daga magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafa.